Tafiyata Los Angeles da gidan tarihin da gobara ta zagaye

Tun da na dawo ake ta tambayata labarin Amurka, kowa da abin da yake son ji, wani farashin mota, wani ko da gaske ne ana tare baƙi a titi ana tambayar takardu, wani kuma cewa yake wai me ya hana ni in maƙale can. To na gaji da maimaitawa a majalisa, bari in rubuta kowa ya karanta, amma in faɗa maku tun yanzu inda zan fi daɗewa ba inda kuke tambaya ba ne, wani gidan tarihi ne mai suna Getty Villa da lambunsa a bakin teku wanda gobarar daji ta shiga har harabarsa ta ƙone itatuwa amma ginin bai yi ko ƙwarzane ba.

Bikin ɗiyar Kawu ne ya kai ni, ƙanin Hajiyarmu, wanda ya tafi karatu tun ina firamare bai sake dawowa da zama ba. Hajiya ƙafa ta hana ta doguwar tafiya sai aka ce ni in wakilci dangi. Maganar biza ba zan ja ta ba, dala 185 ce ko an ba ka ko an hana ka, kuma ana cikin haka a watan Yulin 2025 suka canza wa 'yan Najeriya tsari, bizar ziyara da ake bayarwa ta shekara 5 ta koma ta wata 3 kuma shiga ɗaya tak. Ni dai an ba ni, Alhamdulillahi. Kuɗin jirgi Kawu ya biya, ban ma tambaya nawa ba don kada jinina ya hau.

Farkon Satumba na tashi, bayan asuba na shiga Sharon a wajen Ƙofar Ƙaura. Hajiya da ƙannenta sun haɗa tsaraba jaka guda, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yajin ƙuli, garin kunu, har da turaren wuta na amarya, kuma Kawu ya ja kunne a waya ya sake ja cewa kada a kuskura a sa nama ko kilishi. Damina ta yi kyau, daga Charanchi har Kankiya gero ya fidda kai ko'ina kore shar. Shingaye kun san su ba sai na ƙirga ba, wani wurin a ɗaga hannu a wuce, wani wurin direba ya sauke gilashi ya yi gaisuwar da aka saba yi. Mun ɗan tsaya Gidan Mutum Ɗaya na sha fura, wani dattijo da ke kusa da ni zai je Dawanau cinikin riɗi da ya ji inda za ni sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce "yaro da wannan silifa ɗin za ka Amurka?" duk motar aka kwashe da dariya. Daga Kano jirgi zuwa Abuja, daga Abuja zuwa Doha, babu abin labari.

Daga Doha zuwa Los Angeles ne aikin yake, wajen awa 16 kana zaune wuri ɗaya. Abin da ya ruɗa ni rana ce, mun tashi da safe kuma har muka sauka rana ba ta faɗi ba don yamma muke bi muna tafiya tare da ita, agogon hannuna yana cewa dare ya yi a Katsina amma ka ɗaga labulen taga haske tar. Ni da wani ɗan Pakistan da muke jere ɗaya muka yi ta lissafin lokacin azahar, daga ƙarshe dai kowa ya yi sallarsa a zaune. Tsakaninmu da su awa 8 ne, su ne a baya.

A filin jirgi layi ne mai tsawo amma yana tafiya. Jami'in ya tambaye ni me ya kawo ni, gidan wa zan sauka, yaushe zan koma, ya ɗauki hoton yatsuna, sannan ya ce akwai abinci a kayanka? Na ce akwai. Aka nuna mani wani ɓangare, wata mata da safar hannu ta buɗe jakar, tana kwance ƙullin daddawa ta ja da baya ta yamutse fuska, na yi mata bayani da Turancina na makaranta cewa ɗiyan itace ne da ake miya da su, ta juya ta juya ta mayar. Kuka ta wuce, kuɓewa ta wuce. Sai ga wani gwangwanin madara can ƙasa an naɗe shi da zane, ta buɗe, dambun nama ne cike fal, Gwaggo ce ta cusa shi ba da sanin kowa ba wai ɗan'uwanta yana so tun yana yaro. A gabana aka jefa shi a kwandon shara. Da yake na riga na ce ina da abinci ba a ci ni tara ba, amma wallahi har yanzu in na tuna ƙamshin dambun nan sai raina ya sosu.

Ɗan Kawu ne ya zo ɗaukata, taubashina, can aka haife shi, Hausarsa a karye take amma tsiyar taubasantaka ya iya ta sarai, yana ganina ya ce "bawana ya iso", na ce kai da ba ka san hanyar Kusugu ba har kana da bakin magana. Gidansu a Inglewood yake, jirage na ta wucewa ta kai ba dare ba rana. Abu na farko da na lura da shi da na shiga ɗakin da aka sauke ni shi ne bango, na ƙwanƙwasa na ji holoƙo ne, ashe katako ne aka lulluɓe da allon farar ƙasa. Na ce Kawu duk kuɗin ƙasar nan a rasa bulo da siminti? Ya ce girgizar ƙasa ce ta sa, katako yana lanƙwasa ya miƙe, bulo kuwa rugujewa yake ya danne mutane, ga shi kuma katakon ya fi araha a wurinsu. Ku riƙe wannan don zai dawo a gaba.

Biki an yi lafiya, an ɗaura aure an ci an sha, matar Kawu ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kukar da na kawo har 'yan Ghana da 'yan Nijar da suka zo suna neman ƙari.

Ranar Juma'a mun yi salla a masallacin Sarki Fahad da ke Culver City. Bayan an sallame na gaisa da wani dattijo baƙar fata ɗan asalin can, da ya ji daga Najeriya nake ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, a cikin hira yake ce mani shi ba nan ya saba salla ba, masallacinsu Masjid Al-Taqwa da ke Altadena ya ƙone ƙurmus a gobarar watan Janairu. Ni na ga gobarar a waya lokacin da ake yinta kamar kowa, na ɗauka ta masu kuɗi ce da 'yan fim, ban san ta ci masallaci da gidajen masu ƙaramin ƙarfi ba. Daga nan na dami Kawu da tambaya, shi kuma taubashina da ya san ina da ɗan lambu a Ajiwa kuma ba ni da hira sai ta dashe ya ce to akwai inda zai kai ni in ga lambun da ya sha wuta ya rayu, Getty Villa. Shiga kyauta ne amma sai ka yanki tikiti ta intanet an ba ka lokaci, abin da ake biya kuɗin ajiye mota ne dala 25, na buga a canjin lokacin na ga ya haura naira 37,000, na ce wannan kyautar taku da sauran bayani.

Ranar Litinin muka tafi mu uku. Ana bin babbar hanya har Santa Monica, sai a shiga wani ɗan rami a fito, kawai sai ga teku a gabanka ba iyaka, ni da babban ruwan da na saba gani shi ne dam ɗin Ajiwa da Zobe sai na yi tsit. Hanyar ita ake kira Pacific Coast Highway, teku a hagu tsaunuka a dama. Wata da watanni tana rufe bayan gobarar, sojoji ne a kan shingaye ba mai wucewa sai mazauna da ma'aikata, sai ƙarshen watan Mayu aka buɗe wa kowa, lokacin da muka bi babu shinge amma manyan motocin kwasar ƙasa suna ta kai da kawo.

Ba mu yi nisa ba aka fara ganin abin. Yawancin wuraren an riga an kwashe ɓaraguzan, to sai ya zama abin da kake gani fili ne fetal a inda unguwa take, ga titi da kwalta lafiya lau, ga turakun fitila, ga matakala ta siminti ta hau sama ta tsaya ba ta kai ka ko'ina ba, ga ramin wanka na gida ruwan ya yi kore, amma gida babu. Can sai ka ga gida ɗaya tsaye cas da fentinsa da furanninsa, na dama da na hagu duk sun tafi. A wani wuri dab da hanya inda tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi suke zaune a ƙananan gidaje, nan kam ba a ma kwashe ba, ƙarafa ne a murɗe da gawar motoci sun yi tsatsa. Itatuwan dabino irin nasu dogaye gindin baƙi ƙirin, kan kuma ya sake fidda kore.

A motar Kawu ya ba ni labarin yadda aka yi. Su ruwansu da sanyi yake sauka ba irin namu ba, an yi shekara biyu ana samun ruwa mai yawa ciyawa da sarƙaƙiya suka cika tsaunuka, sai kuma aka shafe wajen wata 8 ba ruwan kirki komai ya bushe ƙayau. Sai iskar da suke kira Santa Ana ta taso, busasshiyar iska ce daga hamada take gangarowa teku, ya ce ka ɗauka hunturu ne amma mai ƙarfin tumɓuke itace. Ranar Talata 7 ga Janairun 2025 da hantsi wutar ta tashi a saman unguwar Pacific Palisades, zuwa dare iska ta yi ƙarfin da jiragen kashe gobara suka kasa tashi, garwashi ne kawai ke tafiya a sama yana sauka kan rufin mutane, gidajen kuma na faɗa maku da abin da aka yi su. A wasu unguwannin famfunan kashe gobara suka ƙafe, kuma wata babbar ma'ajiyar ruwa da ke saman unguwar mai cin galan miliyan 117 a lokacin babu ko ɗigo a ciki ana gyaranta. Wutar Palisades kaɗai ta ci eka sama da 23,000 da gine-gine sama da 6,800 da rai 12, ta Altadena da ta tashi a daren ranar ta ci gine-gine sama da 9,000, kuma ba a gama shawo kansu ba sai 31 ga wata.

Daga kan titi ba ka ganin gidan tarihin, sai ka karya dama ka shiga ƙofa ka hau wata hanya da aka shimfiɗa da manyan duwatsu irin na mutanen Rum na da, mota na ta karkarwa. Mai gadi ya duba tikiti a waya ya ce mu wuce. In ka ajiye mota sai ka hau sama ka biyo wata 'yar hanya, ka ɓullo ta saman wani dandalin wasa mai matakala zagaye, ginin yana ƙasanka da jan rufi da ginshiƙai.

Mai gidan sunansa J. Paul Getty, attajirin man fetur ne, wani babban kaso na dukiyarsa ma daga yankin da ke tsakanin Saudiyya da Kuwait ya same shi. Ya yi suna wajen maƙo, shi ne wanda ya sa wayar da ake jefa wa kwabo a gidansa na Ingila don baƙi su riƙa biyan kuɗin kiransu, kuma da aka sace jikansa a birnin Rum a 1973 ya ƙi biyan kuɗin fansa sai da aka yanko kunnen yaron aka aiko, mu da muke Katsina ba sai an yi mana bayanin irin wannan tashin hankalin ba. Amma wajen sayen kayan tarihi hannunsa a sake yake. Ya sa aka gina masa wannan wuri a kan fasalin wani gidan attajirin Rum da ke Herculaneum a Italiya, wanda dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne a shekara ta 79 miladiyya. An buɗe a 1974, shi kuma ya mutu a Ingila a 1976 bai taɓa taka ƙafarsa ya ga ginin ba, gawarsa ce aka kawo aka binne a filin. Kayan da suke da su na Girka da Rum da makamantansu sun kai 44,000, kaɗan daga ciki ake fitarwa a nuna.

Mun bi ayarin wata tsohuwa baturiya cikin masu aikin sa kai da ke zagayawa da baƙi lambu, kuma kowa tambayarsa ɗaya ce, ya aka yi wurin nan ya tsira? Ni na zaci za ta ce an kwashe kayan an gudu da su. Ko ɗaya ba a motsa ba. Ta ce na farko dai an yi sa'a ranar Talata ce, ranar da dama ba sa buɗewa, babu baƙi a ciki. Sauran kuwa ba sa'a ba ce, duk shekara suna da masu aikin sassabe da ke share busasshiyar ciyawa da sarƙaƙiya a kewayen filin suna rage rassan itatuwa, tun ba a san za a yi gobara ba. Da safen da aka hango hayaƙi aka kunna ban-ruwa aka jiƙe lambun. Aka toshe hanyoyin da iska ke shiga ɗakunan don ko hayaƙi kada ya taɓa kayan, ginin kuma kankare ne, bangon ɗakunan ninki biyu, rufin na gasasshiyar ƙasa. Sannan wasu ma'aikata da ba su kai 20 ba suka ƙi tafiya suka kwana a ciki, suna zagayawa da tukwanen kashe wuta na hannu, duk inda garwashi ya faɗo ya kama su bi su kashe, kuma wasunsu ba su san halin da nasu gidajen suke ciki ba.

Lambun ciki kam in ba a faɗa maka ba ba za ka ce an yi wuta ba. Babban shi ne wanda ke da dogon tafki a tsakiya, tsawonsa ya haura mita 60, an kewaye shi da rumfa mai ginshiƙai da zane a bango, shuke-shuken an aske su tsaf, ga gumakan tagulla jefi-jefi da fararen idanu suna kallonka. Matar ta ce bayan gobarar toka ce ta rufe ko'ina har cikin ruwan, sai da aka bi wurin lungu-lungu aka wanke, aka canza matatun iska da na ruwa, shi ya sa suka kusa wata 6 a rufe, sai 27 ga Yuni aka sake buɗewa, shi ma daga Juma'a zuwa Litinin kawai kuma mutum 500 a rana.

Inda na fi jin daɗi lambun ganyayyaki ne da ke gefe, don nan na ga 'yan gida. Ga rumman ya yi 'ya'ya har reshe na rinjaya, ga ɓaure, ga zaitun, ga inabi a kan rumfa, ga na'ana'a, ga wani ɗan'uwan ɗoɗɗoya da na murza a yatsa na shinshina, duk abin da mutanen Rum suke shukawa don miya da magani da turare. An ja layin fangali an bi da siraran bututu a gindin kowace shuka ruwa na ɗiga kaɗan-kaɗan, ba irin namu da muke sakin injin ruwa ya malale fili rabi ya tafi a banza ba.

Amma ka ɗaga kai ka dubi tudun da ke kewaye da wurin, nan tabon yake. Itatuwa sama da 1,300 aka sare bayan gobarar saboda sun ƙone ko sun zama haɗari, inda a da duhuwa ce yanzu tudu ne tsirara da kututture, har kana hango filayen maƙwabta. A bakin wata hanya na tsaya wajen wani itace da aka bari, ɓangaren da ya fuskanci tudu ya ƙone baƙi har ya tsage, ɗaya ɓangaren lafiya, kuma daga cikin baƙin nan wasu 'yan tofo jajaye-jajaye sun ɓullo tsawon yatsa. Na sa farce na ɗan kankare ɓawon wani ƙaramin reshe, ƙasansa ɗanye ne kore. Wani ma'aikacin lambu da ke kusa da almakashinsa ya ga abin da na yi sai ya yi dariya ya ɗaga mani babban yatsa, ɗan asalin Meziko ne, Turancinsa da nawa duk sai a hankali, na ciro waya na nuna masa hoton dashen mangwaro da gwaiba na Ajiwa, ya nuna mani nasa barkonon da ya shuka a bayan gidansa. Da hannu da rabin magana ya fahimtar da ni cewa itatuwan asalin yankin sun saba da wuta, in ka ba su lokaci suna tofowa, waɗanda aka kawo daga wasu ƙasashe ne suka fi mutuwa. Na tambaye shi itacen turare fa, don na ga suna da shi da yawa a garin irin wanda muke dasawa a bakin hanya da makarantu, ya kaɗa kai ya yi alamar fashewa da hannu biyu, mai ne a ganyensa.

Cikin ginin kuma sai mutum ya shirya, don mutanen nan na da ba su damu da sutura ba, gumaka maza da mata tsirara ko'ina. Kawu dai ya zauna a benci ya ce "ku tahi ku gani, ni na girmi wanga kallo." Akwai wani saurayi na tagulla da aka ware wa ɗaki shi kaɗai, masunta 'yan Italiya ne suka jawo shi a koma daga cikin teku a 1964, gidan ya saye shi a 1977 kusan dala miliyan 4, kuma har yau Italiya na cewa nata ne a mayar mata, a 2024 ma wata kotun Turai ta goyi bayanta. Na ce ashe ba mu kaɗai ke bin bashin kayan Benin ba, su ma Turawan suna bin juna. Wanda ya dame ni shi ne gawar wani saurayi daga Masar a naɗe cikin jan likkafani, an zana fuskarsa a allo an ɗora a kan fuskar, gashi a nannaɗe idanu manya, kusan shekara 1,900 da mutuwarsa ga shi a akwatin gilashi yara na ɗaukar hoto. Ban daɗe a ɗakin ba.

A sama kuma lokacin ana nuna kayan da aka aro daga Girka na wata tsohuwar masarauta mai suna Pylos. A 2015 aka tono kabarin wani jarumi da aka binne wajen shekara 3,500 da suka wuce da takobinsa da zobban zinari, a ciki har da wani ɗan dutse da bai kai tsawon babban yatsa ba, an sassaƙa mutum uku a fagen yaƙi a kansa, har jijiyar hannu da damtse ana gani, sai an ƙara girman hoton a bango kake gane aikin da aka yi, kuma ba wanda zai ce maka ga takamaiman yadda suka yi shi da ido kawai. Akwai kuma wasu alluna na yumɓu da rubutun lissafin fada, su da ɗanyen yumɓu ne da tuni sun narke, gobarar da ta cinye fadar ce ta gasa su suka kawo yau. Ina tsaye a wurin Durɓi ta Kusheyi ce ta faɗo mani a rai, can ƙasar Mani, inda aka tona kaburburan sarakuna a 1907 da 1992 aka samu kayan tagulla da wuri da hauren giwa da zinari. Mu nawa ne a cikin garin nan muka taɓa zuwa, ko muka san inda kayan suke yanzu?

Mun ci abinci a ɗan gidan abincinsu, ni dai biredi da cuku da ganye na ɗauka don gudun shubuha, da shayi, aka ce kusan dala 20, na ci ne kawai don an riga an biya. A nan gardama ta kaure. Ni ina yaba mutanen, ina cewa wannan shiri ne, Kawu ya ajiye kofi ya ce "ɗana, shiri da mi? Da kuɗi ake shiri." Ya ce gidauniyar da ke riƙe da wurin tana da dukiya sama da dala biliyan 8, ita ke iya biyan masu sassabe shekara zagaye da ajiye ruwanta na kanta, su kuwa na bayan katanga wasunsu tsofaffi ne da suka sayi gidan tun yana araha, kuma da yawa kamfanonin inshora sun janye masu tun kafin gobarar saboda sun ce yankin haɗari ne. Ya ce ka duba, gunkin dutse ko hayaƙi bai shaƙa ba, mutum mai rai yana kwana a mota. Taubashina ya ce ai gidauniyar ta jagoranci haɗa asusun dala miliyan 12 don taimaka wa masu zane da ma'aikatan fasaha da suka yi asara, Kawu ya ce a unguwar nan miliyan 12 gida nawa za ta gina?

Ban ce Kawu bai da gaskiya ba, amma ban sallama duka ba. Don abin da ya fara tare wutar nan ba na'ura ba ce, lauje ne da adda. Kakanmu a ƙauye da an gama girbi kafin hunturu ya kankama sai ya tara mu a share duk ciyawa da karan da ke kewaye da rumbuna, a bar ƙasa fes taku da yawa, saboda ya san masu farautar gafiya za su cinna wa daji wuta, kuma bai da ko sisi a banki. Yanzu fa? A watan Maris na 2021 muna gani babbar kasuwar Katsina ta kama, shaguna suka tafi da dukiyar da ba a san iyakarta ba, aka yi jaje aka yi alkawura, to ku shiga kowace kasuwa yau ku dubi wayoyin wuta a saƙale da janareto kusa da jarkar fetur da hanyar da ko kura ba ta wucewa balle motar kashe gobara. Ga tsohuwar Kwalejin Katsina da ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ga hasumiyar Gobarau, ga littattafan kakanni na rubutun hannu a cikin buhu da adaka a zaurukan malamai, su ba ma sai wuta ba, ɗigar rufi ɗaya da gara sun isa. Kawu ya ce to in ka koma sai ka tsaya takara, muka yi dariya muka tashi.

A shagon tsaraba na so in sayi irin shuka in zo in gwada a Ajiwa, taubashina ya ce in rufa wa kaina asiri da jami'an filin jirgi, sai na sayi katin hoton lambun guda biyu kawai. Da muka fito sai da muka ƙara gaba wajen Malibu muka juyo, nan ma bakin tekun da a da gidaje ne jere sun tare ruwa yanzu babu, turakun ƙarfe ne kawai a cikin yashi.

Dawowa ba wani labari, sai dai jirgin Abuja zuwa Kano ya yi jinkiri har dare, ban yarda na hau hanyar Katsina da duhu ba na kwana wajen wani abokina a Kurna, da safe na kamo hanya, na tarar an fara yankan gero.

A cikin Oktoba Kawu ya kira ni da daddare, wai an kama wani matashi a Florida ana tuhumarsa da tada wata ƙaramar wuta a tudun Palisades a daren sabuwar shekara. Masu bincike sun ce an zo an kashe waccan wutar an tafi, ashe ta shige ƙasa tana cin saiwoyi a hankali har kwana 6, iskar ranar 7 ga wata ce ta tono ta. Shi dai yaron ya musanta, a lokacin magana tana kotu. Na ce Kawu ai wannan ko yaran da ke ƙona gawayi a dajin Rugu sun san kututture yana riƙe wuta, ya ce to su dai ga inda ta kai su, sannan ya tambaye ni nawa ake sayar da buhun gero bana, yana so a saya wa Hajiya a ajiye tun bai tashi ba.